Kafin ku sayi bas ɗin filin jirgi, ku fara sanin wa zai biya kuɗin kujerar da ba kowa

Assalamu alaikum. Ƙanena na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba don ba irin wadda ake amsawa da layi biyu ba ce. Don waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi ana ta shawarar a samar da bas da za ta riƙa ɗaukar mutane daga cikin garin Sakkwato zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III, sannan a ƙara da doguwar bas wadda za ta riƙa kai matafiya har ƙofar filin jirgin Malam Aminu Kano, wasu ma na cewa har Abuja, to shi da abokansa uku suna tunanin haɗa kuɗi su sayi Coaster biyu su shiga tun kafin a riga su, shin harkar za ta fisshe su?

Ni dai shekara 19 na yi cikin sufuri, na faro daga rubuta manifes, wato takardar sunayen fasinja, a tasha, na riƙe littafin mai da na gyara, daga baya ni ke tsara wace mota za ta fita da wane direba, a ƙarshe na yi wasu shekaru ina haɗa wa ejan-ejan na Umara motocin da ke kai musu fasinja Kano. Abin da zan faɗa maka daga nan na samo shi. Kuma tun farko ka raba maganar biyu, don bas ta cikin gari daban, ta Kano daban, ba kasuwa ɗaya ba ce ko kaɗan, abu guda kawai ya haɗa su, shi ne wanda mafi yawan masu shiga harkar ba su lura da shi sai kuɗinsu ya narke.

Abin shi ne, mu duk tarbiyyarmu ta mota a ƙasar nan ta ginu ne kan "sai ta cika". Ka je babbar tasha da safe za ka Gusau ko Birnin Kebbi ko Illela, ka biya, ka zauna, ɗan kamasho na ta kiran saura mutum biyu saura mutum ɗaya, in Allah ya kawo su da wuri ku tashi da wuri, in bai kawo ba ku kai hantsi. Wanga tsari ba wauta ba ne, hikima ce, don shi ke sa direba ba ya taɓa tashi da asara, duk kujera an biya ta kafin ya murɗa makulli, wanda ke biyan farashin jira shi ne fasinja, da lokacinsa yake biya. To jirgin sama ba ya cikin wanga lissafi. In an rufe kantar awon kaya an rufe, ko kai wane ne. Saboda haka motar filin jirgi dole ta juya tsarin, in an ce ƙarfe 7 to ƙarfe 7 za ta tashi ko mutum huɗu ne a ciki, kuma kujeru ashirin da wani abu da suka tafi wayam wani ne zai biya su, ko ku masu mota daga aljihunku, ko gwamnati ta hanyar tallafi, ko kamfanin jirgi, ko ejan da ya kama kujerun tun kafin ranar. In ba ku san wane ne cikin waɗanga huɗu zai biya ba to ku ne. Kuma na ga yadda abin ke ƙarewa, sati uku na farko mota na tashi kan lokaci, sati na huɗu direba ya fara cewa a ƙara minti goma ko wani zai zo, wata na biyu an koma sai ta cika, mutum ɗaya ya rasa jirgi ya ba mutum hamsin labari, shi ke nan sunan ya ɓaci, motar ta koma lodin Jega.

Mu fara da ta cikin gari. Filin jirginmu ba shi da nisa, ka bi ta hanyar Birnin Kebbi cikin rabin awa ka isa ko ƙasa da haka in hanya ba cunkoso. In ba lokacin jigilar alhazai ba, jiragen fasinja da ke sauka a rana ba su wuce ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, mafi yawa Abuja suke zuwa daga can a wuce Legas. Yanzu ka tambayi kanka wa ke cikin jirgin nan. Mai iya sayen tikitin Abuja a farashin yau, yawanci ko ma'aikacin gwamnati ne da motar ofis ke jiransa, ko ɗan kasuwa da direbansa, ko ma'aikacin ƙungiyoyin agaji da motarsu ta zo ɗauka, ko wanda ɗansa ko ƙanensa ya zo tarba da motar gida. Ragowar su ne masu ɗaukar shatar tasi. Waɗanga ragowar kaɗai ne kasuwarku in fasinjan jirgi kuka dogara da shi, kuma cikinsu ma mai akwati uku da iyali ba zai yarda a sauke shi a shataletale ya sake neman agwagwa da buje zuwa Mabera ko Gawon Nama ba, gara ya biya sau ɗaya a kai shi ƙofar gida. Ba zan ba ka adadi daga kaina ba, kai za ka samo shi. Ku ɗauki sati biyu, ɗaya daga cikinku ya je da littafi da biro ya tsaya inda masu sauka ke fitowa bayan ya nemi izinin hukumar wurin, ya rubuta mutum nawa suka fito, nawa aka zo ɗauka, nawa suka shiga tasi, nawa suka tsaya suna cinikin kuɗin tasi suna jan jiki. Waɗanda suka tsaya ciniki su ne naku. Wanga ƙirga ba zai ci muku ko kuɗin taya ɗaya ba amma shi zai faɗa muku gaskiyar da ba wanda zai faɗa muku.

Amma ba ina nufin layin ba zai yi ba. Zai iya yi in kun daina kallonsa a matsayin motar masu hawa jirgi. Filin jirgi gari ne guda na ma'aikata, akwai na FAAN masu kula da wurin, akwai masu kula da zirga-zirgar sama, 'yan kwana-kwana, masu duba yanayi, jami'an shige da fice, kwastan, 'yan sanda, masu shara, masu ɗaukar kaya, masu shaguna, waɗanga kullum sai sun je sun dawo ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba, kuma da yawansu kabu-kabu ke cinye musu albashi. Sannan a kan hanyar akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, akwai makarantun da ke kan hanyar Birnin Kebbi da ɗalibai ke cika su safe da yamma, akwai unguwannin da suka yi ta tsirowa ta wajen. To layin da zai rayu shi ne wanda ya taso daga wajen kasuwa ko babbar tasha, ya tsaya wurare huɗu ko biyar sanannu, ɗalibi da ma'aikaci su ne masu riƙe shi kullum, filin jirgi ya zama ƙarshen layi, mai akwati ya zama ƙari. Sai ku sayar wa ma'aikata tikitin wata a rangwame, kuɗin na shigowa farkon wata, shi ne zai biya muku kujerun wayam na tsakar rana. Sai dai a nan akwai tarko, in tsayawa ta yi yawa mai sauri ba zai hau ba, don haka sawu biyu ko uku da suka dace da lokacin jirgi ku bar su su tafi kai tsaye ba tsayawa, sauran su bi a hankali.

Ka dubi Abuja ma ka ɗauki darasi. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya haɗa tsakiyar birni da filin jirgin Nnamdi Azikiwe an buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai a ƙarshen Mayun 2024 aka sake tayar da shi har aka ce a hau kyauta. Filin jirgin Abuja fa, mai fasinja miliyoyi a shekara, amma abin da ya fi wahalar da layin tun farko shi ne tashoshin sun yi nesa da inda mutane suke kuma sawun bai da yawa. Mutum ba ya hawa abu don yana da kyau, yana hawa ne don ya same shi kusa kuma a lokacin da yake bukata.

Yanzu ta Kano, wadda ni a ganina ita ce mai bukata ta gaske, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. Duk wanda ya taɓa raka tsohuwarsa Umara ta jirgin yawo ya san abin da nake nufi. Jiragen Jidda da Alƙahira da Addis Ababa daga Kano ko Abuja suke tashi, mu namu sai lokacin Hajji yake ganin manyan jirage, shekaru da dama ma har alhazan Zamfara daga nan suka riƙa tashi. Sauran watannin kuwa mai Umara, da ɗalibin da ke karatu Masar, da mara lafiyar da za a fitar asibiti, da 'yan kasuwa masu zuwa sari, har da 'yan'uwanmu na Ƙonni da ke ƙetarowa ta Illela, duk sai sun bi mota wajen kilomita 500 ko fiye, ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, daga nan ko a bi ta Funtuwa da Zariya ko a yanke ta Malumfashi da Gwarzo. A sauke tsohuwa a tasha a Kano da la'asar da jakunkuna, ba ta san gari ba, a sake neman adaidaita, a nemi wurin kwana. Motar da za ta ɗauke ta daga Sakkwato ta ajiye ta ƙofar ɗakin tashi tare da abokan tafiyarta wallahi ba ƙaramin alheri ba ne, kuma mutane za su biya fiye da kuɗin tasha da daɗin rai.

To amma lissafin lokacinta ne ke da wuya, ka bi ni a hankali. Jirgin ƙetare ana son ka isa awa 3 kafin tashi. Hanyar kuma in ka bi ƙa'ida, don dokar hanya ta ba bas kilomita 80 a awa kan babbar hanya, 90 kan tagwayen hanya, kuma tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, ka haɗa da shingayen bincike, da tsayawar salla da abinci, da wuraren da ake aikin hanya, ba za ka sa wa doguwar mota ƙasa da awa 9 ko 10 ba in kana da gaskiya. Sannan ka ƙara aƙalla awa 2 na ko-ta-kwana don taya na iya fashewa, tirela na iya faɗuwa ta tare hanya. Ka ga daga fitowa zuwa tashin jirgi an doshi awa 15. Da can sai a ce a bi dare, amma yanzu ba mai hankalin da zai ɗauki mutum talatin ya bi tsakanin Gusau da Funtuwa cikin dare saboda matsalar 'yan bindiga, ko da rana ma sai an saurari labarin hanya daga direbobin da suka riga wucewa. Ke nan tashi bayan sallar asuba ne kawai, a isa Kano da la'asar, wanda ya dace da jirgin dare kaɗai. Duk mai jirgin safe ko na rana dole ya tafi tun ana gobe ya kwana. Saboda haka duk wanda zai yi wagga harka da gaske ba mota kawai zai tanada ba, sai ya haɗa da masauki mai tsabta kusa da filin jirgin, ɓangaren mata daban, da ƙaramar mota da za ta kwashe su da asuba. In kun sayar da tikiti ɗaya wanda ya haɗa mota da kwana da kaiwa ƙofa, kun sayar da abin da babu shi a tasha, in kuwa kujera kawai kuke sayarwa to da masu Sharon da Hummer kuke gasa, kuma sun fi ku sauri sun fi ku araha.

Dawowa ta fi tafiya wuya, kuma ita ce mutane ke mantawa. Tafiya kun san ranar kun san lokacin. Dawowa jirgi na iya jinkirin awa shida, kaya na iya ƙin fitowa, rabin ayari su sauko yau rabi gobe. Motarku na tsaye a Kano tana cin kuɗin fakin da alawus ɗin direba, in ta jira ta ɓata sawun gobe, in ta taho ta taho wayam. Ga kuma hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu in ƙura ta sauko ana soke jirage ko a karkatar da su wani gari, a Kano da nan Sakkwato duka. Wani abu da ya taɓa faruwa da ni, mun kai ayarin Umara lafiya, ranar dawowa na tura mota tun ana gobe, jirgin bai sauka ba sai bayan kwana biyu, ejan ya ce shi ba laifinsa ba ne, kamfanin jirgi ba ruwansa da mu, ni na biya kwanan direba da yaron mota da sawu biyu da muka rasa, don ba mu rubuta komai kan jinkiri ba a yarjejeniyarmu. Tun daga ranar ban sake ɗaukar aiki ba sai an rubuta awa nawa mota za ta jira kyauta, bayan nan nawa ne kowace awa, kuma wa zai biya. Haka nan ku rubuta a bayan tikiti da Hausa da boko da ajami in ya samu, mi ke kanku in motarku ce ta lalace mutum ya rasa jirgi. Kar ku yi alkawarin biyan tikitin jirgi, mutum uku za su karya ku, amma ku yi alkawarin da za ku iya cikawa, kamar turo wata mota cikin awa kaza da mayar da kuɗin mota. Wanga kuma shi ya kawo mu ga maganar Coaster biyu.

Mota biyu ba layi ba ne. A tsarin da ke da lokaci, in ɗaya na Kano ɗaya na hanya, wace ce ke gareji? Ko sabuwa dal ce sai ta shiga sabis, sai an canza mai da birki, kuma zafin Sakkwato a watan Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya raga wa taya da lagireto da esi. Mu a aiki duk mota huɗu ko biyar da ke kan hanya muna son a samu ɗaya tsaye tana jiran ko-ta-kwana. Ku da kuke da biyu, ko dai ku ƙulla da wani mai mota a Gusau da wani a Funtuwa waɗanda za ku kira in an samu matsala, a rubuce ba da baki ba, ko ku rage sawu zuwa biyu a sati ku sa su daidai ranakun da jiragen Saudiyya ke tashi. Kuma Coaster ba ta da but na kirki, kujerunta wajen 30 amma fasinjan ƙetare kowa da manyan akwatuna biyu da jakar hannu, a dawowa ga zamzam ga dabino ga tsaraba, ƙarshe sai kun cire layin kujerun baya ko kun ɗaure kaya a sama, ka ga kujeru sun ragu lissafi ya canza. Doguwar Marcopolo mai rumbun kaya a ƙasa ita ce ta dace da aikin, tana ɗaukar wajen mutum 50, amma ita kuma tana shan kusan lita 30 ko fiye na dizal a kowace kilomita 100, zuwa da dawowa Kano ka tanadi sama da lita 300, ka buga da farashin lita na yau a gidan mai ka ga kujera nawa ne za su tafi kan mai kaɗai kafin a zo direba biyu, taya, inshora, kuɗin yuniyan, da kuɗin da za ku riƙa ajiyewa don sayen wata in wagga ta tsufa. Wanga na ƙarshe shi ne wanda kowa ke ci yana zaton riba ce.

Nasan wani zai ce a sayi mai amfani da iskar gas ta CNG tunda tun bayan cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 gwamnatin tarayya ke tura mutane can. Tana da araha kam inda ake samunta. Amma bututun gas na AKK an tsara shi ne daga Ajakuta ya bi Abuja da Kaduna ya ƙare Kano, bai biyo ta wajenmu ba, duk gas ɗin da zai zo nan a mota za a kawo shi, kuma tukunyar ba ta kai ka nisan da tankin dizal ke kai ka. Kafin ku sa kuɗi ku tabbatar da idonku ina za ku sha a Sakkwato, ina a tsakiyar hanya, kuma in kun je akwai layi ko babu. Motar da ke bin agogo ba ta da awa biyu na tsayawa layin gas.

Sai maganar mutane, wadda ta fi ta inji. Ba za ku shiga filin jirgi ku fara lodi haka kawai ba, wurin na FAAN ne, sai da izini da wurin tsayawa da aka ware muku, kuma akwai masu tasi da suka daɗe a wurin suna biyan nasu kuɗin, da wanga sawu ɗaya ko biyu na rana suke ciyar da gidajensu. In kun zo musu a matsayin masu ƙwace abinci za ku sha wahala, kuma ni ban ga laifinsu ba. Ku zauna da su tun farko, a Kano musamman, ku ce fasinjanmu da zai shiga gari mu miƙa muku shi. Haka a gida, 'yan NURTW, wato yuniyan ɗin direbobin haya, ƙungiya ce tun 1978, ko a ina kuka ce za ku yi lodi sai kun yi magana da reshen da ke wurin, gara ku je da ƙafarku ku gaida shugabanni ku yi bayanin cewa motarku ba ta bin layi kuma ba ta jiran cika, a tsayar da abin da za ku riƙa bayarwa kowane sawu, da ranar farko a tare muku mota da fasinja a ciki. Ku yi rajistar kamfani, ku yi inshora ta gaske wadda ta rufe fasinja ba takardar nuna wa jami'i a hanya ba, manifes kuma kowane sawu da lambar wayar ɗan'uwan kowane fasinja. Direba ku ba shi albashi, kar ku sa shi kan balas, wato ya riƙa kawo muku kuɗi kaza ragowar ta zama tasa, don direban da ke kan balas shi ne zai tsaya Mafara ya ɗauki na hanya, shi ne kuma zai taka mota don ya juyo da wuri.

In kana son ganin inda irin wanga aiki ya yi kyau a ƙasar nan, ka tuna 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida daga 8 ga Maris don gyaran titin saukar jirage, aka mayar da jirage Kaduna. An sa bas-bas suna kwasar fasinja tsakanin Kaduna da Abuja kyauta da rakiyar jami'an tsaro, kuma abin ya tafi fiye da yadda mutane suka zata. Mi ya sa? Don fasinjan tabbas ne, lokacin jirgi aka bi, gwamnati ta ɗauki nauyin kujerun, kuma an tsare hanya. Haka alhazanmu ke gani a Saudiyya, daga Jidda zuwa Makka ko Madina kuɗin motar na cikin kuɗin kujera tun daga gida, mota na jiran jirgi ba jirgi ke jiran mota ba. Can kuma ka dubi motocin da gwamnatoci suka yi ta rabawa, na shirin sufurin jama'a na 1988 zamanin Babangida da na 2012 bayan rikicin tallafin mai, sayen motar bai taɓa zama matsala ba, kayan gyara da kuɗin tafiyarwa na shekara ta biyu da ta uku su ne ke kwantar da su. Don haka in gwamnatin jiha ce za ta shigo cikin wagga shawara, ni abin da zan roƙa ba ta sayo motoci a yi biki ba, ta ce wa masu mota irinku ku yi sawu kaza a rana kan lokaci, duk sawun da kuka cika za mu biya ku kaza a kilomita, wanda kuka makara ba ku da ko sisi. Kuɗin bai kai na sayen motoci ba kuma yana zuwa daidai inda ramin yake.

Abuja kuwa ku ajiye ta gefe tukuna, ta fi Kano nisa ko ta Zariya da Kaduna ko ta Yawuri da Kwantagora, kuma a can da jirgin Sakkwato zuwa Abuja kansa kuke gasa. Wataƙila in aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Sakkwato ya kammala lissafin awowin ya sauka a sake dubawa.

To ƙanena ga abin da zan yi in ni ne ku. Ba zan sayi mota ba a wagga shekara. Zan je wurin ejan uku ko huɗu na Umara a cikin gari waɗanda aka sani da amana, in ce ku ba ni jadawalin ayarinku na wata uku masu zuwa, musamman daga Rajab zuwa azumi lokacin da tafiya ke yawa, ni zan ɗauke muku nauyin kai su ƙofar jirgi da dawo da su, ku saka kuɗin cikin kuɗin kujera ku biya ni kafin tafiya. Sai in ɗauki hayar mota mai lafiya sawu-sawu, in kai ta wurin bakanikena ya duba kafin kowace fita, ɗaya daga cikinmu ya shiga motar da kansa kowane sawu yana rubuta ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka wuce Gusau, minti nawa aka ɓata a shinge, lita nawa aka sha, akwati nawa aka ɗauka. Kujerun da suka rage bayan na ejan sai ku tallata su ta WhatsApp ga ɗalibai da masu zuwa asibiti, a biya ta taransifa kwana biyu kafin tafiya. In kun yi sawu goma sha biyar ko ashirin haka, littafin nan zai nuna muku ko Coaster ce ta dace ko doguwa, ko sau biyu a sati ko sau uku, kuma da shi za ku shiga banki ko wurin mai kuɗi ku yi magana ana saurarenku. Na cikin gari kuma ku fara da ƙirgan sati biyun nan da na ce, ku haɗa da tambayar ma'aikatan wurin nawa suke kashewa a wata kan abin hawa da ƙarfe nawa suke canjin aiki. In kun gama ka turo min alƙaluman ta akwatin saƙo mu zauna mu buga lissafin tare, ka gaida abokan naka, Allah ya sa albarka cikin abin da kuka tara.